Jinjina ga Makiyaya Masu Adalci

Madalla da 'yan wasan kwamfuta na Cult of the Lamb, mutanen kirki masu tausayin na ƙasa! Kamfanin Massive Monster na ƙasar Ostareliya ya fitar da wasan ranar 11 ga Agustan 2022 ta hannun Devolver Digital, aka sayar da kwafi miliyan 1 cikin mako guda. Tun daga lokacin, duk wanda ka tambaya sai ya ce maka shi dai shugaba ne adali, mabiyansa na ƙaunarsa.

Dole su yi adalci mana, tunda sun san zafin wuƙa. Wasan ya fara ne da ɗan rago na ƙarshe a duniya, an kai shi an sare. Wani dodo da ke ɗaure cikin sarƙa ya dawo masa da rai, ya ɗora masa jan kambi, bisa sharaɗin ya kafa ƙungiyar asiri da sunansa, ya kuma kashe masa abokan gabansa, wato Leshy da Heket da Kallamar da Shamura. To, wanda ya ɗanɗani yanka, wace sana'a ta fi dacewa da shi in ba yanka ba?

Saurari kokensu ka ji tsarkin zuciya. Wasu sun ce faɗan ba shi da zurfi, duk da cewa hanyoyin daji na sauyawa a kowace shiga, kuma wanda aka kashe yakan koma gida da asarar wani kaso na ganimarsa. Wasu sun ce suna tsakiyar yaƙi sai a aiko musu cewa mabiya na jin yunwa, don rashin kunya irin ta talaka. Babban baƙin cikin kuwa shi ne shugaba guda ya dawo ya tarar an yi kashi a ko'ina, ya ɗauki tsintsiya da hannunsa. Wannan shi ne zalunci. Jefa wa dodo mabiyi ya haɗiye kuwa, ai tafiyar da mulki ce.

Hikimarsu ta fi bayyana wajen kafa doka, domin wasan yakan ajiye zaɓi biyu a gaban mutum. Ga walima, ga dokar da ke sa mabiya su kwana uku ba ci. Ga ranar hutu, ga aikin dare da rana ba barci. Masu ilmin cikinsu sun zauna sun yi lissafi, suna koya wa sababbi wanda ya fi kawo riba. In abinci ya yi ƙaranci, a koya wa jama'a cin ciyawa. In mabiyi ya tsufa ya daina aiki, a karrama shi da yanka kafin ya mutu a banza. Wanda ya fara ƙorafi a saka shi a turu, ana yi masa nasiha kullum har ya gane kuskurensa. In gunaguni ya yi yawa, a tara kowa a ba shi naman kaza mai juya hankali, gari ya yi tsit. Wane mai mulki ne ya taɓa samar da zaman lafiya da arha haka?

Zumuncinsu ma abin koyi ne. Sukan raɗa wa mabiya sunayen abokansu, masu nuna wasan kai tsaye a dandalin Twitch kuma sukan mayar da 'yan kallo mabiya, don in ranar yanka ta zo kada alherin ya faɗa hannun bare.

Kada wani ya zarge su. Sun ce wasa ne kawai, kuma ɗan ragon kyakkyawa ne, ga manyan idanu, ga ƙararrawa a wuya. Mun gode da suka tabbatar mana cewa mai kyakkyawar fuska da daɗin baki ba ya zalunci, sai dai gyara. Allah Ya bar muku sarautarku a cikin kwamfuta, ranku ya daɗe, don unguwa ba za ta iya ɗaukar adalci mai yawa haka ba.