Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Fom

Zuwa ga Mai Girma Fom ɗin Neman Tallafin 'Yan Fansho,
Sarkin Tambaya, Magajin Akwatuna,
Bisa teburin cin abinci, wani gari a arewacin Ingila.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana nan lafiya cikin ambulanka mai ruwan ƙasa, mai koke yana neman afuwa idan an ga rubutunsa yana rawa. Ba tsufa kaɗai ba ne. Da hantsin yau mitarsa mai kati ta ɗauke wuta. A yi mata adalci, mitocin ƙasar nan suna da tarbiyya, domin hukumar Ofgem mai kula da makamashi ta wajabta wa kamfanoni su riƙa ɗaga wa mutum ƙafa da dare. Saboda haka ta haƙura har gari ya waye, ta bari ya ɗora buta, ya kunna kwamfutar jikansa, ya soma cike ɗan'uwanka na intanet, sannan ta kashe komai. Neman taimakon kuɗin wuta ya tsaya saboda babu wuta. Da ya je kanti ya sa kuɗi, mita ta fara zare bashin daren jiya, ta haɗa da kuɗin zama da ake caji kullum ko an kunna fitila ko ba a kunna ba, wanda ya haura fam 300 a shekara in an haɗa na lantarki da na gas. Ya dawo gida ya zaro ka daga ƙarƙashin tiren shayi, inda kake kwance tun shigowar hunturu.

Mai koke ba baƙo ba ne a garin nan. Ya tuƙa bas har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Sai dai ya zo ƙasar da girmansa, shekarun da ya yi yana zubi ba su kai 35 ɗin da ake nema kafin a ba mutum cikakken fansho ba. Abin da shi da uwargida suke samu a mako bai kai fam 346.60 ba, adadin da gwamnati da kanta ta ce shi ne mafi ƙanƙantar abin da tsofaffin ma'aurata za su rayu a kai a shekarar 2025 zuwa 2026. Cikon da ake yi wa irinsu shi ne Pension Credit, kai kuma kai ne mai gadin ƙofarsa. Ba cikon kaɗai ke bayanka ba. Akwai ragin fam 150 daga kuɗin lantarki. Akwai fam 25 na tsananin sanyi, da sharaɗin yanayi ya yi kwana 7 a jere a kan sifili ko ƙasa da haka, kuma a tashar auna yanayi da aka jingina unguwar mutum da ita, ba a ɗakin kwanansa ba. Rijiya ta bayar, ranka ya daɗe. Kai ne gugan.

Da can ba wanda ya damu da kai sosai. Tun 1997, zamanin da Gordon Brown yake ministan kuɗi, ake tura wa tsofaffi kuɗin ɗumama ɗaki duk hunturu, ba fom ba tambaya. Daga baya ya tsaya a fam 200, ko 300 ga wanda ya kai shekara 80. Ranar 29 ga Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta tashi a majalisa ta ce akwai ramin fam biliyan 22 a asusun gwamnati, don haka daga yanzu sai wanda ya bi ta hannunka. Tsofaffi kusan miliyan 10 suka rasa kuɗin. A shekarar, iyakar shiga ga mai zaman kansa fam 218.15 ce a mako, cikakken sabon fansho kuwa fam 221.20. Wanda ya yi zubi cikakke, ba shi da ko sisi ban da fanshonsa, fam 3.05 ta mayar da shi attajiri.

Nan darajarka ta tashi. Aka yi ta shela a rediyo da jikin bas cewa tsofaffi su garzayo su cike ka kafin 21 ga Disamba. 'Yan jarida suka zauna suka ƙirga ka, suka sami tambaya 243 a shafi sama da 20. Ministoci suka ce a kwantar da hankali, na intanet minti 16 ne kacal, kuma ba kowa ne zai amsa kowace tambaya ba. Wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce sai mutum ya karanta tambaya kafin ya gane ba tasa ba ce, mai mata kuma sai ya karanta sau biyu, ɗaya tasa ɗaya ta uwargida, ita kuwa tana gefe tana cewa, "Malam, me ya haɗa su da kuɗin adashena?"

Duk wannan mai koke ya shanye. Ya faɗi sunansa, ya faɗi na matarsa, ya faɗi waɗanda ke kwana a gidan. Ya tona asusun banki, ya haɗa da wanda ya manta da shi tun zamanin aiki. Sai ya iso wurin da ka tambaya, cikin ladabi, ko shi ko matarsa sun mallaki gida ko fili ban da inda suke zaune, a ƙasar nan ko a ƙasar waje.

To, ranka ya daɗe, akwai gona.

Tana wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ta mahaifinsa ce, Allah Ya ji ƙansa, kuma tun rasuwarsa ba a raba ta ba, don ba wanda ya ga dalilin rabawa. Ƙaninsa ke nomawa, ya ciyar da gidan, in damina ta yi kyau a aiko wa Yaya ɗan garin kunu ta hannun mai zuwa. Ba ta da takarda. Iyakarta ta gabas wata kuka ce, ta yamma layin gamba, shaidunta mai unguwa da duk wanda ya haura shekara sittin a garin. Shin mai koke ya mallake ta? In an bi shari'a, matan marigayi suna da tumuni, saura a raba wa 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Amma cikin magadan wasu sun bi mahaifin, sun bar nasu matan da 'ya'yan, su ma kowa da rabonsa a cikin rabo. Lissafin nan alƙali ke zama da malamai su yini a kansa. In kuma an bi dokar ƙasa ta Najeriya ta 1978, duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, talaka izinin zama kawai yake da shi. Ya kamata ke nan a aika maka da adireshin gidan gwamnati.

Kai kuwa akwati biyu ka tanada: e, ko a'a.

In ya ce a'a, ya yi ƙarya, ga shi a shafin ƙarshe akwai wurin sa hannu inda ka gargaɗe shi cewa bayanin ƙarya na iya kai mutum gaban kotu. Dattijon da bai taɓa cin tarar ajiye mota ba, ba zai fara zaman kotu a kan gamba ba. In ya ce e, za a so a san kuɗinta, domin ƙa'ida ita ce ba a duba fam 10,000 na farko na dukiyar mutum, amma kowace fam 500 da ta hau kai ana ɗaukarta tamkar yana samun fam 1 a mako. Kuɗinta da wane kuɗi? Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta yi ta gangarawa har fam ɗaya ta wuce naira 2,000 a 2024. Sai rabonsa shi kaɗai ya tasar wa naira miliyan 20 kafin ya dame ka. Rabon nasa kuwa, in an auna da igiya, da ƙyar a shimfiɗa tabarma uku. Mai koke ya san haka, Allah Ya sani, amma kai ba ka karɓar "Allah Ya sani".

Saboda haka ya yi abin da hankali ya ce kada ya yi. Ya kira ƙaninsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da sanyi, aka yi jajen tsadar taki. Sannan ya ce, "Wai ni kam, gonar Baba, in da za a sa ta a kasuwa, nawa za ta yi?"

Shiru ya yi tsawo har ya zaci layi ne ya yanke.

"Yaya," in ji ƙanin, "wani ne ya zuga ka?"

Ya yi bayani. Ya ce fom ne. Ya ce Turawa ne ke son sani don su rage masa kuɗin wuta. Ƙanin ya ce to, Allah Ya kyauta, da irin muryar wanda bai yarda da ko harafi ɗaya ba. Wa zai yarda? Mutum yana Ingila, ƙasar da ba a ɗauke wuta, ya ce sai an yi wa gonar ubansa kuɗi kafin ya kunna hita. Kafin la'asar labari ya zaga dangi cewa Alhaji na Ingila zai sayar da gado. Ƙanwarsa ta Kano ta aiko saƙon murya ta WhatsApp, rabinsa kuka. Goggo, wadda ta haura tasa'in, ta ce a faɗa masa ba da yawunta ba. Wani dillali da bai taɓa jin sunansa ba ya kira ya ce yana da mai saye a hannu. Zumuncin da ya tsallake rasuwar uba, da fari, da rikicin kishiyoyi, tambaya ɗaya daga cikin 243 ta girgiza shi a yini guda.

Kai Fom, tsakaninka da Allah, me kake nema? Gwamnatin da ta buga ka ita ke biyan mutumin nan fansho, ta san adadinsa har kwabo. Ta san ranar haihuwarsa, ta san ta matarsa, ta san harajin da ya biya tun ranar da ya fara riƙe sitiyari. Kuma an ga yadda take aiki in ta so. Bayan jam'iyyar Leba mai mulki ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025, ta kuma rasa kujerar majalisa ta Runcorn da ƙuri'a 6, sai ga shi a watan Yuni an dawo da kuɗin ɗumama ɗaki ga tsofaffi kusan miliyan 9. Wanda samunsa ya wuce fam 35,000 a shekara, hukumar haraji ta cire abinta da kanta, ba ta aika masa ko tambaya ɗaya ba. Wajen karɓa kwamfuta ta san kowa. Wajen bayarwa ne take makancewa, sai a turo ka.

Kuma kada ka ce ba ka san amfaninka ba. Lissafin gwamnati ne, tun kafin a hana kuɗin hunturu, ya nuna gidaje har 880,000 sun cancanci cikon nan ba su nema ba, kuɗin da suka bari ya kai fam biliyan 2.1 a shekara. Abin da aka ce za a yi tsiminsa daga hana tsofaffi kuɗin hunturu bai wuce biliyan 1.5 ba. Da duk sun cike ka, da ribar ta zama faɗuwa. Ashe lissafin ya dogara ne ga tsohuwar da za ta buɗe ka, ta ga shafi na uku, ta mayar da kai cikin ambulan ta ƙara bargo. Ma'aikatar fansho da kanta ta rubuta wa majalisa cewa hana kuɗin zai jefa ƙarin tsofaffi 50,000 cikin talauci, aka karanta, aka ci gaba. Likitocin ƙasar suna cewa kada ɗaki ya gaza digiri 18. Su zo su faɗa wa mita.

Sauran 'yan'uwanka ba za a tsaya a kansu ba. Asusun agajin gidaje da aka buɗe a Oktoban 2021 an damƙa shi a hannun ƙananan hukumomi, kowace da nata sharaɗi, tsallaka titi kawai ya isa ya sauya wa mutum ƙa'ida. Abokin mai koke na masallaci an ce masa ya jira matarsa ta tsufa, domin tun Mayun 2019 sai ma'aurata duka biyu sun kai shekarun fansho. 'Yan matan gida da ke aikin kula da tsofaffi kuwa, bizarsu ta haramta musu kuɗin gwamnati, su yini suna ɗumama ɗakin wasu su koma nasu su kwana da rigar sanyi.

Mai koke zai sa maka hannu, zai ce e, zai manna takarda ya yi bayanin kuka da gamba da tumuni, ya sa ka a akwatin gidan waya. Ya ji ana cewa amsa takan ɗauki kwanakin aiki 50, wato ana iya samun ɗumi wajen fitowar furanni.

Sai dai akwai saƙo daga gida. Dangi sun yanke shawara, tunda Yaya ya tayar da maganar, gara a raba gonar kowa ya huta. An sa rana bayan sallah, an gaya wa alƙali, an ce lallai ya zo da kansa. Ƙa'idarka kuma ta ce wanda ya wuce mako 4 a ƙasar waje an tsayar da kuɗinsa, rabon gadon gidansu kuwa ko jerin sunayen magada ba a gamawa a mako 4. Don haka yana roƙo ka turo wakili, zai fi kyau mai jin Hausa da ɗan ilimin gado. Goggo ta ce tana son ganinsa tukuna.

Naka cikin rigar sanyi biyu,
Mai koke.