Ƴan Ajinmu, Dangin da Ma'aikatar Ilimi Ta Haɗa

Bahaushe ya tashi ya tarar da dangi iri biyu, na jini da na aure. Da makarantar boko ta zo sai ta ƙaro na uku, wato ƴan aji. Su waɗannan ba uwa ce ta haɗa ku ba, ba kuma waliyyi ba. Wani akawu ne a ma'aikatar ilimi ya jera sunaye bayan jarabawar shiga sakandare, ya tura ku makarantar kwana ɗaya, kowa da akwatin ƙarfe da bokiti da ƙullin garin kwaki. Shekara biyar aka ɗibar wa zaman, ko shida ga waɗanda suka riski tsarin 6-3-3-4. Sai ga shi an shekara talatin, an shekara arba'in, ba a rabu ba.

Kada a raina wannan dangantaka. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, ta zama Barewa a 1971, ita ta yaye Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Ƴar'aduwa, ban da Sardauna. Shi ya sa idan ƙungiyar BOBA ta ƴan Barewa ta kira taro ake ganin manyan riguna, haka ma RUMFOBA ta ƴan Rumfa da KASSOSA ta ƴan makarantun kimiyya na Kano. A Kwalejin Gwamnati ta Bida kuwa, ajin da ya fita a 1962 ya ƙunshi Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa. Biyu suka mulki ƙasa, na ukun aka harbe shi a 1986 bisa tuhumar yunƙurin juyin mulki, a zamanin mulkin ɗan ajinsa. Don haka in dai rikicin ƙungiyarku bai wuce na kuɗin lemo ba, ku gode wa Allah.

Abin da ya sa ƴan aji suka fita daban shi ne sun san ka tun ba ka zama kowa ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, su kuwa shekara biyar kuna layin famfo tare. Kowa ya je taro yana sane da haka, kuma kowa da dabarar da yake zama da wannan sani.

Sakataren Dindindin

Shi ne monita tun aji ɗaya, mai riƙe da alli da rubuta sunayen masu surutu. Har gobe sunaye yake rubutawa, sai dai yanzu na waɗanda ba su biya kuɗin wata ba. Shi ya buɗe zauren WhatsApp, shi ya bi kowa har ya samo lambarsa, har da wanda aka ce ya koma Fatakwal tun zamanin Abacha. Duk zaɓe shi ke dawowa babu hamayya, don babu mai sha'awar wahalar. Duk shekara kuma sai ya yi rantsuwa: "Wallahi bana zan ajiye muku kayanku." Sai a taru a ce, "Haba Sakatare, in ba kai ba wa?" Ya yi ɗan fushi na kwana biyu, ya fito da sabon jadawalin masu bashi.

Ranka-ya-daɗe

Kwamishina ne, ko babban sakatare, ko wani ƙusa a kwastan. Ba ya isowa sai an buɗe kular ƙarshe, ɗan sanda na riƙe masa ƙofar mota. Yakan rungume kowa yana cewa "mutumina", domin sunayen sun daɗe da ɓace masa. Da an miƙa masa makirufo zai ɗauki nauyin rufin ɗakin kwana da rijiyar burtsatse da kujerun aji uku, a yi ta tafi har da masu kabbara. Daga nan lambarsa ta koma hannun yaronsa, amsa kuma guda ce: "Oga yana mitin." A yi haƙuri da shi, lokaci ne. Ranar da gwamna ya rushe majalisar kwamishinoni, shi zai riga kowa gaida jama'a da asuba, ya riga Sakatare isowa taro, har ya taya jera kujeru. Rijiyar dai tana nan a rubuce cikin littafin taro.

Tuna-Baya

Malam Bahaushe ya ce tuna baya shi ne roƙo, wannan bawan Allah kuwa ya haddace karatun. Kiransa yana farawa da dariya: "Ka tuna ranar da muka jiƙa kwaki a bokitin wanka, sukari ya ƙare muka sa gishiri?" Kana cikin ƙyaƙyatawa sai murya ta sauka ƙasa: "Wallahi ɗan'uwa, mai ɗakina ce ba lafiya." Kafin ka gama jajantawa lambar asusu ta shigo wayarka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kiran nasa ya ƙaru, kuma gaskiya ba duka ne ƙarya ba. Matsalar kawai ita ce lissafi: in aka haɗa abin da ya gaya wa ƴan aji ɗaya bayan ɗaya, matar nan ta haihu sau huɗu a shekara guda.

Mai Tonon Silili

Bai riƙe komai daga darasin kimiyya ba, amma ya riƙe komai game da kai. Ya san wanda ya yi fitsarin kwance a aji ɗaya, da wanda ya yi kuka ranar da babansa ya ajiye shi a bakin ƙofa, da wanda aka kama da tuwo a aljihu yana fitowa daga ɗakin cin abinci. Ba ya tashi sai ya ga ka zo da ɗanka, ko kana tare da surukinka. Nan zai ƙwala maka sunan da aka binne tun tuni, "Kai, Gabza!", ya juya ga yaron ya ce, "Zo in ba ka labarin babanka." Ko farfesa ne kai, a gabansa kana nan da gajeren wando. Shi kaɗai ne Ranka-ya-daɗe yake tsoro, shi kaɗai ne kuma yake ɗaga wa waya.

Dakikin Jiya da Haziƙin Jiya

Waɗannan tare ake kallonsu. Na farko shi ne wanda sakamakonsa na WAEC ya fito da F9 a jere, malamin lissafi ya ce masa ya nemi wata sana'a. Ya ji shawara, ya tafi Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau yana ɗaukar wa wani kaya, yau ga shi da rumbuna da tireloli, ya sauke farali ya kai iyaye. Na biyu shi ne mai zuwa na ɗaya, wanda aka yi ta kwafar amsarsa, ya yi digiri biyu, yau yana zaryar ofishin fansho da fayil a hammata. A wurin taro haziƙin ne ke gyara Turancin takardar bayan taro, dakikin ne ke biyan kuɗin ɗakin taron. Idan attajirin ya ce, "Ai mu Allah ne Ya rufa mana asiri, ba mu da ƙwaƙwalwa irin taku," babu mai iya tantance yabo ne ko ramuwa. Shi haziƙin yakan yi murmushi ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, sannan ya roƙi a rage masa hanya.

Tsohon Firefet

An karɓe masa bulala ranar da ya fita, amma ba a karɓe masa murya ba. Shi ne ya sa rabin ajin tsallen kwaɗo da kamun kunne da yankan ciyawa a rana, yau kuma shi ke tsawatarwa a zaure: "Wannan ba wurin siyasa ba ne, a goge!" Idan aka haɗa taro da ƴan ajin baya, yana iya aiken mai furfura ya ɗauko masa ruwa, mai furfurar kuma ya miƙe kafin ya tuna cewa shi alƙali ne. In aka tuna masa muguntarsa sai ya ce, "Ai horon nan ne ya sa kuka zama mutane."

Ustaz

A makaranta shi ne mai kula da kaset a daren Asabar, ya iya rawar Michael Jackson, ya san katangar da ake haurawa a je kallon fim ɗin Indiya. Yanzu gemu ya sauka, wando ya ɗage, wa'azi na shigowa daga gare shi tun kafin kiran assalatu. Madalla da shiriya. Sai dai da Mai Tonon Silili ya buɗe baki, Ustaz zai tare shi: "Allah Ya yafe mana, wannan zamanin jahiliyya ne." Duk watan azumi shi ke kunna musun ganin wata, mutum biyu su yi zuciya su fice daga zaure, Sakatare ya bi su da ban-baki bayan Sallah.

Mai Rage Shekaru

Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga, sai ritaya. Wannan bai yarda da ta farkon ba, ya je kotu ya yi rantsuwa. Kun gama tare a 1989, gemunsa ya riga na kowa tsirowa, har malamai na ce masa Baba, amma takarda ta ce an haife shi a 1979. Wato yana ɗan shekara goma ya rubuta WAEC. Shi ne ba ya son hoton taro, ba ya son a rubuta shekarar fita a jikin hula ko kalanda. In ka ci karo da shi a ofishinsu ka ce "ɗan ajinmu", sai ya waiga ya ga ko akwai mai ji, ya ce, "A'a Yaya, ai kuna gaba da mu sosai."

Na Turai

Yana Ingila ko Amurka, yana shigowa zaure lokacin da kowa ya yi barci. Hausarsa ta fara tsami, kowace jimla sai ya tsaya neman kalma, amma bai manta ɗanɗanon ƙuli-ƙuli ba, duk mai tafiya sai ya ba shi saƙo. Yana da maganin duk matsalar Najeriya, daga wutar lantarki har tsaro. Idan aka zo karo-karo ya turo fam hamsin, Sakatare ya canza ya ga abin da ya zama a naira, nan take a naɗa shi uban ƙungiya. Tuna-Baya kuwa ya haddace bambancin agogon can da na gida.

Ɗan Takara

Shekara uku ba a jin ɗuriyarsa. A ta huɗu sai ya tuna cewa zumunta a ƙafa take, ya bi gida-gida da fosta, ya ce takarar nan ba tasa ba ce, ta ajinmu ce. In ya faɗi a zaɓen fid da gwani, ƴan aji ne suka ƙi tsaya masa. In ya ci, a duba abin da aka faɗa a kan Ranka-ya-daɗe.

Ɓangaren Hajiyoyi

Ƴan makarantun mata, irin su Dala ta Kano da Sarauniya Amina ta Kaduna, sun fi maza iya riƙon abin. Nasu zumuncin yana da anko da adashi da gudummawar biki, kuma ba a yafe bashi. A cikinsu akwai mai kayan Dubai, wadda ke zuwa taro da jakar leshi da turaren wuta: "Ɗauki kawai ƙawata, sai ƙarshen wata." Akwai mai dalilin aure, wadda ta san shekarun ƴaƴan kowa, ta riga ta haɗa ɗan wance da ƴar wance tun yaran ba su san juna ba. Akwai kuma wadda ba ta taɓa zuwa ba, kullum Alhaji bai bari ba, amma ba a gama taro ba ta ji wace ce ta sa gwal, wace ce ta rame.

Shiru-Shiru

Sai an duba tsohon hoton aji ake tabbatar da cewa tare aka yi da shi. Bai riƙe muƙami a makaranta ba, bai riƙe a ƙungiya ba, a zaure kuma iyakarsa "amin". Amma in ɗan aji ya kwanta a asibiti, shi ake tararwa a bakin gado da fulas ɗin kunu. In aka yi rasuwa, kafin Sakatare ya gama rubuta sanarwa shi yana maƙabarta yana taya haƙa. Shi ya san inda marayun ajin suke, da ajin da kowannensu ya kai, da wanda aka koro don kuɗin makaranta. Yakan je wurin Dakikin Jiya a asirce ya karɓo, ya biya, ya kawo rasit.

Idan aka auna, mutum biyu ne ke ɗauke da ƙungiyar, Sakatare da Shiru-Shiru, sauranmu ƴan rakiya ne masu cin shinkafa. Duk da haka babu wanda za a iya korewa. Bayan shekara hamsin da haihuwa mutum yana iya yin sabon abokin ciniki ko na masallaci, amma ba ya iya yin sabon wanda ya san mahaifinsa da ƙuruciya, ya ci dambun da mahaifiyarsa ta kawo ranar ziyara. Da tsohuwar zuma ake magani, ko da ta zo da lambar asusu. Ga kuma jerin waɗanda ake yi wa addu'a a farkon taro yana ƙara tsawo duk shekara, har Mai Rage Shekaru ya fara zama a sahun gaba yana shafa fatiha.

Saboda haka a biya kuɗin wata, a amsa sunan da aka ƙi jini, a ɗauki kiran Tuna-Baya ko da sau ɗaya cikin uku. Sakatare ya ce a sanar: taro na gaba rana ta uku ga Babbar Sallah ne, a tsohuwar makaranta, ƙarfe goma na safe daidai, wato bayan la'asar.