Sai An Ce Masa "onclick"

Aikin bai taka kara ya karya ba: mutum ya danna mahaɗi a shafin intanet, JavaScript ya ji, ya aikata abin da aka sa shi. Firefox da Opera da Safari duk sun yarda a kira addEventListener, a ce "click", shi ke nan. Internet Explorer kuwa, har zuwa na 8, ya kafe sai attachEvent, kuma sai an ce masa "onclick", kamar surukin da ba ya amsa gaisuwa sai an durƙusa.

To ka durƙusa ɗin ma ba ka tsira ba. Kana son hana mahaɗin ya kwashi mai karatu zuwa wani shafi, sauran preventDefault suke ji, gogan naka sai returnValue. Ka rubuta "this" kana nufin mahaɗin da aka danna, ya miƙo maka tagar gaba ɗaya. Ba banza ba jama'a suka rungumi jQuery, mai rufe waɗannan bambance-bambance, tun fitowarsa a 2006.

Sai a 2011 Internet Explorer na 9 ya sauko, na 11 kuma ya jefar da attachEvent ko sallama babu, ya bar waɗanda suka yi masa biyayya da gyara. A watan Yuni 2022 Microsoft ya yi masa ritaya.