Ciwon Buga Littafi

A Ɗanbatta, da an gama kaka, kuɗi sun shigo hannu, sai ciwon buga littafi ya motsa. Masu ciwon kuwa iri-iri ne.

Akwai Malam Mai Jiran Zariya. Ya rantse ba zai ba maɗaba'a ko kwabo ba, wai ai Abubakar Imam bai biya kowa ba aka buga masa Ruwan Bagaja. Gaskiya ne, amma Imam gasar 1933 ya shiga. Shi kuwa Malam rubutunsa na cikin leda tun zamanin Abaca, yana jiran maɗaba'ar NNPC ta Zariya ta aiko a ɗauka. In ka tuna masa cewa 'yan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, irin su Ado Gidan Dabino, da aljihunsu suka buga nasu, sai ya taɓe baki: "Ai waɗannan 'yan kasuwa ne."

Sai Gaba-Gaɗi. Ya kai sansa kasuwar Lahadi, ya hau motar Kano, ya dawo da kwafi dubu ɗaure da igiya. Bai taɓa tambayar wa zai saya ba. Wani dillali a Sabon Gari ya karɓi ɗari, ya ce sai an sayar, har yau ana sayarwa. Sauran na ƙarƙashin gado, kuma gara ce kaɗai ta karance littafin daga bango zuwa bango. Uwargida har yanzu zancen san take yi.

Shi Ɗan Ƙaddamarwa bai damu a karanta ba. Kwafi hamsin sun ishe shi, muddin an kafa rumfa, an samu babban mai ƙaddamarwa da zai miƙe ya ce ya sayi ɗaya a kan miliyan. A fili an yi tafi, amma bin alkawarin ya cinye masa takalmi.

Hajiyar WhatsApp ce, a ganina, ta fi su wayo. Ba ta biya, ita ake biya. Kashi na ɗaya kyauta, daidai inda ango ya ɗaga labule sai ta tsaya: a turo kuɗi. Kafin magariba wata ta watsa kashi na biyu ga duniya, Hajiya ta kwana tana Allah ya isa.

Na ƙarshe bai taɓa rubuta ko wasiƙa ba. Shi ke tare kowannensu a bakin masallaci: "Marubuci! Ina nawa kwafin?"