Ushirin Babu Nawa Ne, Baba?

"To, wani malalaci ya samu alƙalami." Abin da dattijon ikilisiya zai ce ke nan da zarar ya ji an ce ƙaunar Allah ce zuciyar bangaskiyar Kirista, ba yawan hidima ba. Baba, Allah ya huci zuciyarka, a gyara zama. Na ga littafin rajista a hammatarka. A ciki akwai wanda ya makara sujadar safe, da wanda bai biya ushiri ba tun Kirsimeti, da matar da ta zo taron Zumuntar Mata ba anko. Ba ƙwace shi zan yi ba. So nake ka riƙo shi mu yi gabas, mu ga inda ƙarfinsa zai tsaya.

Mu je Diffa, mu bar kwalta mu shiga rairayi har Sayam Forage. An buɗe sansanin nan a ƙarshen 2014, bayan Boko Haram ta afka wa Damasak a watan Nuwamba, jama'a suka tsallako Komadugu daga su sai tufafin jikinsu. Mafi yawan mazauna wurin Musulmi ne, kuma suna da nasu dogon labarin yadda bawa ke riƙe Ubangijinsa bayan ya rasa gida da gona. Amma wutar ba ta tsallake Kirista ba. A Oktoban shekarar ne hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa, EYN, da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilu 'ya'yan wannan ikilisiya ne.

To ɗauko mini mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka tsere, ka zaunar da shi a tanti irin na Sayam, sannan ka buɗe rajista. Mu fara da ushiri. A Fabrairun 2015, bayan harin Bosso da Diffa, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Diffa, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi, abin da mutanen kwarin Komadugu da bakin Tafkin Chadi ke ci da shi ke nan. Ɗan gari ma na neman na cefane, bare baƙo mai bin layin rabon hatsi. Kai da ka iya lissafi, Baba, ushirin babu nawa ne? Anko kuwa ya ƙone da akwati. Ba ƙararrawa, ba fasto mai ƙirga kawuna, ba maƙwabciya mai kai rahoton wanda bai zo ba. Idan mutumin nan ya durƙusa cikin dare ya kira sunan Allah, wa yake yi wa? Kai dai ba ka nan.

Na ji wani daga baya yana cewa ai tsoro ne, kowa ya ga mutuwa zai tuna Allah. Ɗan boko, sannu da zuwa. Tsoro na sa a yi addu'a, gaskiya ne, amma ya fi iya sa a ɓuya. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, a ƙasar da Kiristoci ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Shawarar tsoro ita ce kowa ya kulle ƙofarsa ya manta da Lahadi. Ikilisiyoyin ba su watse ba.

Kuma Baba, kada ka ce 'yan zamani ne suka ƙirƙiro maganar. Buɗe Littafi Mai Tsarkinka, wanda ake karantawa da Hausa tun 1932. Da aka tambayi Yesu dokar da ta fi girma, ƙaunar Allah ya sa a gaba, ƙaunar maƙwabci na bin ta. Farisiyawa sun fi ka tsare ushiri, ka yarda ko kada ka yarda, don har ganyen na'ana'a suna cire wa kashi ɗaya cikin goma, amma a Luka 11 an yi musu kashedi saboda sun bar adalci da ƙaunar Allah a baya. Ka tuna kuma, a misalin da Yesu ya bayar, yayan ɗan nan da ya ɓatar da gadonsa. Bai taɓa saɓa wa ubansa ba, shekara da shekaru yana gona, amma ran da ƙanen ya dawo aka yanka masa ɗan maraƙi sai ya tsaya a waje yana huci yana lissafin ladansa. Kamar maigidan da bai taɓa fashin cefane ba, amma rabon da ya zauna hira da uwargida tun sunan ɗan fari. Ba wanda zai kai shi ƙara. Ita dai ta san abin da babu.

Sai ku samarin bencin baya, na ga kuna washe baki kuna taɓa juna, wai yau an gama da Baba, daga yau barcin Lahadi ya halatta tunda ƙauna a zuciya take. Ku rage murna. Labarin zuciya a tambayi fuska. Waɗancan Farisiyawan ma ba a ce su daina ushirin ba, cewa aka yi su haɗa duka biyu. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kuma duk amsar da ya bayar sai a miƙa masa kiwon tumaki. Ba a ba shi tabarma da matashi ba.

Kai mai ɗora aya a WhatsApp kowace safiya, mun gani, mun ce amin. Zuciyar taka tana da aljihu kuwa? Akwai gwauruwa a layinku da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, kuma mai gero a kasuwa ba ya karɓar aya.