Takalmin Zai-Girma da Sauran Ƙa'idojin Kai Yaro Ganin Gari

A birnin Kano, shirin kai ƙaramin yaro yawon buɗe ido, wato zagayen da ake yi da shi domin ya ga gari, aiki ne mai matakai tsararru da kowane magidanci ya haddace ba tare da ya zauna gaban malami ba, kuma babbar ƙa'idarsa ita ce kada a kuskura a tambayi yaron abin da yake son gani. Ana sanar da shi tun ranar Laraba cewa Asabar za a fita, kuma daga wannan lokacin barci ya ƙaura daga gidan, domin ɗan shekara huɗu ba ya bambance jibi da yanzu, kuma zai tashi uwarsa kafin kiran assalatu ya tambaye ta ko Asabar ɗin ta iso. Alƙawarin yana da wani amfani a wajen iyaye, domin na tsawon kwanakin nan shi ne makamin da ake sa yaro ya ci tuwo, ya yi wanka, ya daina dukan ƙanwarsa, in ba haka ba a fasa.

Abin da ya tayar da wannan nazari shi ne hotunan da suka cika WhatsApp, inda ake ganin yaro tsaye a ƙofar wani wurin tarihi, idanunsa jajir, hularsa a karkace, hannun wani babba da aka yanke daga hoton yana riƙe da kafaɗarsa don kada ya gudu, a ƙasa kuma an rubuta cewa Khalifa ya ji daɗin fitar yau. Ba a taɓa jin ta bakin Khalifa ba.

Jadawalin tafiya, wato jerin wuraren da uba ke tsarawa a ransa yana kishingiɗe bayan sallar isha'i, yakan ƙunshi Dutsen Dala da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da Marinar Ƙofar Mata, sannan a ƙare da gidan zoo, duk kafin la'asar. An tsayar da ƙarfe tara a matsayin lokacin fita. Ana fita bayan azahar, saboda uwargida tana kan ɗaurin ɗankwali na uku, maigida kuma ya ce yanzu zai dawo tun hantsi. A cikin wannan jinkiri ne labari ke ratsa katanga, sai a ji sallamar maƙwabciya tana cewa, "Maman Khalifa, ga Ummi nan ku tafi da ita, ai ba ta da rigima," kuma da yake ba a ce wa maƙwabci a'a, tafiyar da aka shirya wa yaro ɗaya takan tashi da yaran layin gaba ɗaya, a loda su cikin adaidaita sahu, babur mai ƙafa uku da aka ƙera kujerarsa ta baya domin mutum uku.

Shigar yaron kanta fanni ce mai zaman kanta. Ana sa masa shadda sabuwar bugu wadda ke iya tsayuwa ko babu kowa a ciki, a ɗora masa babbar riga da hula, a watan da zafin Kano ke kai digiri 40, sannan a gargaɗe shi kada ya zauna, kada ya jingina, kada ya taɓa komai, kada ya sha abu mai launi. Wato an fito da shi ganin gari bisa sharaɗin kada garin ya taɓa shi.

Sai dai duk wannan ƙaramin al'amari ne idan aka zo batun takalmi. Takalmin zai-girma shi ne wanda ake saya wa yaro ba don ƙafar da yake da ita ba, sai don ƙafar da ake fatan Allah zai ba shi nan gaba. Hanyar auna shi sananniya ce: ana gwada tsinken tsintsiya a tafin ƙafar yaron yana barci, a karya daidai tsawonta, uba ya sa tsinken a aljihu ya nufi kasuwar Sabon Gari, inda zai ƙara faɗin yatsa biyu saboda hangen nesa, mai shago kuma ya ƙara wani yatsan yana cewa, "Alhaji, ai yaran yanzu saurin girma gare su." Idan an kawo gida aka ga ƙafar ta ɓace a ciki, sai a cusa auduga ko tsohuwar jarida a gaba, a ɗaure igiya har sau biyu, a umarci yaron ya taka a gani, ya ja ƙafa sau uku, kowa ya ce ya yi masa cif. Daga nan yaron ba tafiya yake yi ba, tuƙa takalmi yake yi, kuma a kowane taku takalmin ne ke fara isa, ƙafar ta biyo baya ta same shi. Na hagun ne ke fara faɗuwa, a bisa al'ada daga cikin adaidaita sahu kuma a kan gadar sama, inda ba a tsayawa, ta yadda dole a zagayo, a biya direba kuɗin zagayen, a tura babban yaro ya tsinto shi a tsakanin motoci. Akwai kuma nau'in da ke kunna fitila a dunduniya da nau'in da ke ƙara a kowane taku, waɗanda amfaninsu kaɗai shi ne a san inda aka yar da su. Abin da ya fi ɗaure kai a lissafin shi ne, ranar da ƙafar ta cika takalmin, ranar ce ake tarar da bakinsa ya buɗe ko ɗan'uwansa ya ɓata, kuma idan ya tsira aka gadar wa ƙane, shi ma ƙanen yawa zai yi masa, domin an ba shi ne don zai girma. Saboda haka yana da wuya a samu wanda zai rantse cewa ya taɓa ganin wannan takalmi da ƙafar da aka saya shi dominta sun haɗu a zamani ɗaya.

Da wannan takalmi ake nufar matattakalar Dala. Kafin a kai rabi yaron ya koma wuyan wani, kuma a can ƙololuwa, yayin da uban ke nuna birni da hannu yana bayani a kan Barbushe da Tsumburbura da ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, hankalin ɗalibin yana kan wata akuya da ke cin leda. A Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tambayar da yaron ya yi ita ce ina za a yi fitsari, tambayar da babu jadawalin da ya taɓa tanadar mata amsa. A Ƙofar Mata, inda ake danganta kafuwar marinar da shekarar 1498, a karon farko ya ga abin da ya burge shi, wato rami cike da ruwan shuni da ake tsoma ƙyalle a ciki, ya miƙa hannu, aka doke hannun saboda farar shadda.

A nan ne wasan ke ƙarewa, domin wuyan da yaron ya koma sau da yawa ba na uba ba ne. Na wata yarinya ne 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, 'yar aiki ko 'yar riƙo, wadda ta goya shi tun daga gida, tana rataye da jakar ruwa da kayan canji, da silifas ɗinta da ya tsinke aka ɗinke. Ita ba a karya mata tsinken tsintsiya ba. Idan an zo hoto a ce ta matsa gefe, idan an sayi askirim a ce ta riƙe wa Khalifa nasa, kuma idan yaro ɗaya ya sulale cikin cunkoso yayin da manya ke duba ko hoton ya fito da kyau, ita za a fara mara kafin a tafi gidan rediyo ba da cigiya, wato sanarwar neman wanda ya ɓata. Mutumin da zai iya zayyana tarihin sarakunan Kano a saman dutse ya kamata ya iya ƙirga yaran da ya fito da su.

Gidan zoo, wanda ke ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, shi ne wuri ɗaya tak da yaron ya roƙa tun Laraba, shi ya sa aka ajiye shi a ƙarshe, a isa lokacin da ya riga ya yi barci. Manyan kuwa ba su damu ba, domin su ma da tasu buƙatar suka zo. Tun shekarar 2019, lokacin da labari ya bazu cewa wani goggon biri ya haɗiye kusan Naira miliyan bakwai na kuɗin shiga, akwai magidantan da ba su daina leƙa kejin birai da idon bincike ba, duk da cewa gwamnan wancan lokacin ya fito ya ce babu goggon biri a gidan kwata-kwata. Wannan bayani bai gamsar da kowa ba, domin a ganin masu nazarin bakin keji dabbar da ta samu irin wannan kuɗi ba za ta ci gaba da zama a Zoo Road ba. Akan ji su suna muhawara a kan ko 'yan dubu-dubu ya haɗiya ko 'yan ɗari biyar-biyar, da ko canjin fasalin Naira na ƙarshen 2022 ya shafe shi, da kuma wanda ya yi masa layin banki. Wani dattijo mai lura yakan ƙara da cewa a shekarar 2019 ɗin ce kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan, kuma har yau babu wanda ya binciki ko bashi ya fita karɓa.