Rautarka Ba Ta Da Laifi, Alhaji

Alhaji, sassauta murya. Tun daga soro nake jiyo ka kana tsine wa kamfanin waya, wai ka zuba datar wata guda amma Wi-Fi ya ƙi leƙa ɗakin amarya. An bar jaki ana dukan taiki. Nuna mini inda ka ajiye rautar tukuna.

Ina? Bayan talabijin, cikin kabad, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura da ɓarnar yara? Ikon Allah! Ka kulle mai shela a rumbu, kana mitar gari bai ji sanarwa ba.

Ka ce ai iska ce, ko'ina tana shiga? Wace iska? Siginar rediyo ce, kuma duk bangon da ta ratsa sai ya karɓi jangali. Bulon siminti ya ci nasa, kankare mai rodi ya ci, ƙofar ƙarfe da firiji su mayar da ita inda ta fito. Madubin sif ɗin Hajiya ma ba a bar shi a baya ba, don bayansa shafen ƙarfe ne. Tankin ruwan nan na tsakar gida kuwa shanye ta yake yi. Ga shi ka dasa rautar a falon baƙi, can bakin gida, rabin ƙarfinta na zuba a titi wajen mai shayi. Kai ta tsakiyar gida, ka ɗaga ta sama da kai, a sarari. Ko sisi ba za ka kashe ba.

Ka ce maganin da ba a biya ba ai ba magani ba ne? Na san halinka, sai an ba ka rasit hankalinka zai kwanta. To, kafin ka tafi kasuwa, waɗannan eriyoyin da ka saita tsininsu ɗakin amarya kamar maharbi ya hango barewa, miƙe su tsaye. Daga gefen eriya ƙarfin yake bazuwa, kamar faifai a kwance. Tsinin da kake taƙama da shi nan ne ya fi rauni.

Na ga kuma ka haɗa wayarka da layin 5 GHz, ka wofintar da na 2.4. Ka ce ko ɗan aji ɗaya ya san biyar ta fi biyu? Sannu malamin lissafi. Na 5 dokin sukuwa ne, akwai gudu, babu dogon zango, bango biyu ya fara haki. Na 2.4 raƙumi ne, tafiyarsa a hankali, amma zai kai ka ƙuryar gida. Kuma don Allah daina yi wa abokai kurin kana da 5G, wannan daban, wancan daban.

Yanzu ga wadda kake ta zumuɗi a kanta, ripita, wadda mai shago ya kira maka busta. Ka saya, ka kai ta ɗakin da babu sabis, ka jona a soket, sanduna suka cika fal a waya, ka yi murmushi. Bidiyo kuma sai juyawa yake kamar ɗan kaɗi. Aikin ripita irin na ladan ne mai jiyar da kabbara ga sahun baya. In ka tsayar da shi inda ba ya jin liman, komai zaƙin muryarsa me zai maimaita? Wurinta tsakanin rauta da ɗakin, inda sabis yake da sauran ƙarfi. Ko a nan ɗin ma, mai araha sai ta saurara sannan ta maimaita, don haka kusan rabin gudun ya tafi a hanya.

Ka ce to a sayo rauta mai eriya takwas, irin mai kama da gizo-gizo? Sayo. Sai dai hira ta mutum biyu ce. Ita ta ƙwala kira ka ji, 'yar wayarka ta amsa da raɗa, wa zai jiyo ta ta bayan bango huɗu?

Abin da ba ka son ji shi ne kebul. Ka ce mara waya ka saya, me ya dawo da kai ja da waya kamar mai satar wutar NEPA? Kebul ɗin intanet na Cat6 yana kaiwa mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, kuma bango bai dame shi ba. Ja shi ta saman silin zuwa wancan sashen, ka jona tsohuwar rautar da ka jefa a durowa, a saita maka ita a matsayin tasha ta biyu. In aljihu da nauyi, akwai tsarin mesh, na'urori biyu ko uku masu suna ɗaya, kana yawo suna miƙa wayarka hannu da hannu.

Gwaji ɗaya zan ba ka. Tsaya gab da rautar ka buɗe bidiyo. In a nan ma yana jan ƙafa, kuma rautarka mai SIM ce, to sabis ɗin da ke zuwa daga turken kamfani ne ya gaza. Matsar da ita bakin taga, in bai gyaru ba, ci gaba da faɗanka, har ni zan taya ka. In kuwa a nan yana gudu kamar ruwa, Alhaji, tashi ka buɗe kabad ɗin nan.